Hannun da Aka Binne a Kuberi

Litinin, 7 ga Oktoba, bayan la'asar

Yau hannun hagu ya fito. Sati uku ina bin dutsen nan da allura da buroshi har wuyana ya ƙage, sai yau wajen sha ɗaya ɓawon ƙarshe ya ɓalle, yatsu biyar sunka bayyana a jere. Na ƙwala wa Dakta Ya'ƙub kira. Shugaban namu da ko ruwa ake ba ya ɗaga ƙafa, sai ga shi a guje da takalmi ɗaya. Ya tsuguna, ya cire tabarau, ya mayar, ya ce, "Raihanatu, kin san abin da kika tono?" Na ce ƙashi. Ya yi dariya har da tafi.

Shekarata shida a ɗan gidan adana halittun nan namu, wanda mutanen Aliero ke kira gidan macizai saboda kwalaben da ke ɗakin gaba. Tsuntsaye, ƙwari, irin gero kala goma sha, su ne dukiyarmu. Ba mu taɓa samun abu irin wanga ba. Dakta ya ce ƙasar nan tamu teku ce a da can, kuma dabbar nan dangin ayu ce, ta haura shekara miliyan arba'in a kwance har ƙashinta ya zama dutse. Ya ce hannu shi zai nuna ko tana iya jan jiki a tudu ko iyo kawai take yi, kuma in abin da yake zato ne, ba a taɓa ganin irinta ba. Sai dai na hagun ya murƙushe a wuyan hannu. Na daman kuma babu shi, daga gwiwar hannu zuwa ƙasa.

Daga garinmu ta fito, Kuberi, daga fadamar gidanmu ma. Ruwan Agusta ne ya zabtare bakin wata rijiya da aka bari, haƙarƙari sunka leƙo, malamin gona ya kira mu.

Na yi murna, wallahi na yi, ta minti goma. Sannan na ƙara kallon yatsun da kyau, na ce zan kewaya. A bayi na buɗe waya na nemo hoton da Yaya Haliru ya turo mani a watan Afrilu. Sauran ba yau ba.

Talata, 8 ga Oktoba, da safe

Ban ci tuwo ba jiya. Imran ya ce ko zazzaɓi ne. Na ce wa maigidan nawa zafi ne kawai.

Laraba, 9 ga Oktoba, lokacin hutun azahar

To in ban gaya wa takarda ba, wa zan gaya wa?

Baffa Magaji wan Baba ne. Ban san shi ba. Shekara talatin da uku ke nan da rijiya ta rufta da shi a fadamarmu yana cikin gina. Anka yi kwana uku ana tono, ruwa ya taso ya kori mutane. Ba gawa, ba kabari. Kaka Kande, uwarsu, tun ina ƙarama duk lokacin da aka fito da makara a gari sai ta ce, "Uwar wanga ta ji daɗi, ta san inda nata yake." Haka na tashi ina ji.

A Afrilun bana masu ginar rijiya sunka sa diga kusa da tsohon wurin, don ban ruwan albasa. Sun yi gaba shida sunka ci karo da hannu, yatsu biyar, har gwiwa. Babu wanda ya tsaya tambaya. Kabbara kawai. Anka kai gida bisa tabarma, anka wanke, anka sa likkafani, liman ya yi salla, kafin la'asar an binne a maƙabarta. Rijiyar anka bar ta nan. Ni ina Aliero ranar, na iso an gama komai. Hoton Yaya Haliru kaɗai na gani, ƙasusuwa baƙi ƙirin. Na ce ƙasa ce ta rina su. Ni fa! Ni da ke wanke irinsu kullum. Kuka nake yi, ban duba ba.

Da haƙarƙarin nan sunka fito a Agusta, kowane kaurin taɓarya, mutanen gari sunka ce ai dodon da ya riƙe Magaji ne, a zo a kwashe shi. Har godiya sunka yi mana da munka ɗora shi a mota.

Jiya da Dakta ya fita na ajiye waya kusa da hannun hagu. Kamar takalmi da ɗan'uwansa.

Alhamis, 10 ga Oktoba, da yamma

Dakta ya sa gilashin ƙara girma a kan damtsen dama, inda ya gutsure. Ya daɗe. Ya ce, "Wannan ba tsohon kari ba ne. Saran diga ne, kuma bai kai shekara ba. Hannun nan yana wurin wani." Zatonsa wani ya ɗauka don magani, ko ya ajiye a rumbu.

Ya juyo ya ce, "Ke 'yar garin ce. Ba ki ji komai ba?"

Na ce ban ji ba. Bakina ne ya faɗa, tun kafin in yi shawara da shi.

Asabar, 12 ga Oktoba, hantsi

Na kira gida. Yaya Haliru ya miƙa wa Kaka waya. Ta ce, "Mai wankan dodo, kin gama cuɗa mashi baya?" Na ce saura sabulu, ki aiko. Ta yi dariya har tari ya sarƙe ta. Yaya ya ce tun Afrilu tsohuwar ta koma cin tuwo malmala biyu, ta daina zaman nan nata na fuskantar fadama, har kitso ta sa aka yi mata. Matar da hawan jini ya kayar sau biyu bara.

Ta ce mani, "Yanzu ko gobe anka kira ni, na shirya. Na hwaɗa ma ubanki a sa ni kusa da shi."

A bayanta na jiyo Baba yana dariya da wani. Sai da na tambayi Yaya ko wane ne, don ban san muryar dariyar ubana ba.

In maganar nan ta fita, za a ce a buɗe kabari. Ko ba a buɗe ba, an gama. Tsohuwar nan za ta rasa ɗanta karo na biyu, kuma ni ce zan kashe mata shi.

Litinin, 14 ga Oktoba, azahar

Yau ma ban faɗa ba.

Talata, 15 ga Oktoba, bayan la'asar

Ba wuta tun safe, fanka tsaye, ɗakin aiki ba taga sai ɗaya, ita ma ta kan kasuwa take kallo, warin ruɓaɓɓiyar albasa na shigowa. Ni da dabba, daga takwas zuwa huɗu. Na juya ta, na rufe hannun da tsumma, duk da haka ina jin yatsun nan a bayana.

Dakta ya shigo da fara'arsa. Wai ya fara rubuta takardar da zai aika wa masana, kuma sunana zai sa na biyu, don ni na fito da ita. Wai in an tabbatar sabuwa ce, sunan Kuberi za a raɗa mata, duk duniya mai karatun ƙashi sai ya koyi faɗin Kuberi. Haba Dakta. Da zagina ka yi da ya fi mani sauƙi.

Yana fita allura ta kufce mani, na karce ƙashin yatsa na uku. Shekara shida ban taɓa ba. Na shafe da gam, ba ya ganuwa sai an sani. Na sani.

Alhamis, 17 ga Oktoba, da safe

Ban faɗa ba. Zafi.

Juma'a, 18 ga Oktoba, bayan an sauko masallaci

Na gaya wa Imran. Yau kasuwar Jega, ya dawo a gajiye daga lodi, yana cin abinci na zauna na zazzage masa duka. Ya tsame hannu daga kwano ya ce, "Innalillahi. Kifi aka yi wa salla?" Na ce ba kifi ba ne. Ya ce to mene ne. Na fara yi masa bayanin ayu, sai na ji kaina, na bar maganar.

Shawararsa wai in goge hoton, shi ke nan, ba wanda ya ji ba wanda ya gani. Mtsw. Namiji ke nan. Kamar hoton ne ya binne kansa a maƙabarta. Mutum nawa sunka ga hannun nan bisa tabarma? Rabin gari!

Kuma ba zan iya gogewa ba. Na ɗora yatsa sau uku. Wuyan hannun da Dakta ke nema yana nan a hoton, lafiyarsa lau, kowane ƙashi a mazauninsa. Ni ma ina son in san ko dabbar nan ta taka tudu. Wannan shi ne abin kunyar, ina so.

Ga kuma wanda ba na son tunawa. Baffa na gaskiya yana nan ƙarƙashin fadama, an daina nemansa, ana ta kai addu'a wani wuri. Na yi tunanin tambayar malamarmu ta Islamiyya, to in fara ta ina?

Litinin, 21 ga Oktoba, azahar

An gama da ni.

Dakta ya wanko hoton hannun hagu, manya, guda goma, ya zuba a ambulan. Ran Asabar zai tafi Kuberi, ya zauna ƙofar mai gari, a tara masu ginar rijiya da dattawa, a raba hotunan, duk wanda ya ga mai kama da wannan ya yi magana. Ya ce ba faɗa, ba 'yan sanda, roƙo kawai. Kuma ni zan yi masa jagora, tunda gidanmu ne.

Na ce hanya ta lalace bayan Maiyama. Ya ce ai da ita muka kwaso dabbar. Na ce mutane na girbin gero, ba za a samu kowa ba. Ya ce sai mu je da la'asar. Na ce mai gari ba ya da lafiya. Ya ce Allah ya ba shi sauƙi, sai mu haɗa da dubiya.

Mutumin kirki abin tsoro ne, wallahi. Ba ta inda za ka kama shi da faɗa.

Laraba, 23 ga Oktoba, bayan la'asar

Na ɓoye ambulan bayan kwalbar gamsheƙa. Ni, matar aure, mai shekara ashirin da tara. Ya yi awa guda yana nema, ya ɗaga kowane littafi, yana cewa tsufa ya kama shi. Har na taya shi nema. Da ya gaji ya hau mota ya je ya wanko wasu goma.

Tir da ni.

Alhamis, 24 ga Oktoba, da safe

Na roƙi Dakta in riga shi tafiya gobe, wai don in shirya masa mutane. Ya ce madalla, Allah ya yi albarka. Gara su ji daga bakina kafin su gani a takarda a gaban jama'a. Baba zan fara gaya wa, shi ya san yadda zai bi da Kaka. A hanya zan haɗa maganar.

Juma'a, 25 ga Oktoba, Kuberi, bayan azahar

Ban haɗa komai ba. Daga Jega zuwa Maiyama ina ta jera kalmomi, babur na sauke ni ƙofar gida sunka watse.

Baba ya dawo daga masallaci ta maƙabarta, haka yake yi duk Juma'a yanzu. Ƙaya duk ta yage masa hannun riga. Ya ce shinge ya sake yi wa kabarin, awakin gari ba su da ta ido. Ya zauna bakin rumbu ya ce in kawo ruwa, ya sha, ya dube ni ya ce, "Raiha, kin rame. Dodon naku ba ya barinki barci?" Kuma ya yi dariya. Na ga haƙoransa, ashe yana da wushirya.

Na ce, "Baba, akwai magana."

Ya ce, "Ina jinki, uwata."

Na ce gobe shugabanmu zai zo gaisuwa. Ya ce to a kama zakara.

Juma'a, bayan la'asar

Bari in rubuta tun yana da zafi.

Kaka ta aika a kira ni ɗakinta. Ta dama fura ta tura mani, na kasa sha. Ta ce, "Ke, mi kinka zo da shi ga baki wanda ya hana hura wucewa? Tun ɗazu nika kallonki. Hwaɗi."

Waya na fito da ita, na buɗe hoton hannun hagu da na ɗauka a wurin aiki, na ce wannan na dabbar da munka kwasa ne. Ta kai shi har bakin hancinta, ta daɗe, tana bin yatsun da farce. Ina jiran ta faɗi. Har na gyara zama don in tare ta.

Ta ce, "Biyar." Ta miƙo mani wayar. "Wancan ma biyar nig gani."

Na ce, "Kaka?"

Ta ce, "Magaji huɗu gare shi ga hannun dama. Shina shekara bakwai jaki yac cire mashi ƙaramin, ni da kaina nid ɗaure da tsumma. Kina zaton uwa ba ta ƙirga?"

Wata shida! Tuwo malmala biyu, da kitso, da a sa ni kusa da shi. Na ce to mi ya hana ki hwaɗi tun ranar?

Ta leƙa ƙofa, ta rage murya. Ta ce ran da abin ya faru Baba anka bari bakin rijiya da igiya, shi ke jan wansa in ya girgiza ta. Awaki sunka shiga albasa. Ya ɗaure igiyar ga turke ya tafi kora. Masu aiki a gonar gefe sun hango igiya tana rawa, tana rawa, ba kowa. Kafin ya dawo ƙasa ta rufe.

Ban taɓa ji ba. Babu wanda ya taɓa gaya mana, ko Yaya Haliru.

Ta ce, "Shekara talatin da uku ubanki bai kalle ni cikin ido ba. Gaisuwa yana kallon ƙasa, abinci shi kaɗai bayan ɗaki. Ran da anka shigo da tabarman nan, yad durƙusa gabana shina kuka kamar jinjiri, yac ce, Inna, na hiddo maki shi. To ke, da ke ce, sai ki ce mashi zo mu ƙirga?"

Na ce shi Baba bai ƙirga ba? Ai ya san hannun wansa.

Ta ce, "Ban tambaye shi ba, kuma ba ni tambaya. Liman ma tare sunka yi wasan ƙasa da Magaji, ya tada kabbara bai ce komi ba. Ɗana shina inda Allah Ya aje shi, na bar ma Allah. Wanga da ke yawo bisa ƙahwa shi nika tsoro ma." Sai ta tura mani ƙwaryar. "Sha. Kuma baƙon naki na gobe, ki san inda kinka tare shi."

Na sha. Ban ji ɗanɗanonta ba.

Asabar, 26 ga Oktoba, bayan la'asar

Na tare shi a tashar Maiyama. Tun azahar nake tsaye gindin dogonyaro har motarsa ta ɓullo. Na ce ya kashe, akwai magana. Ambulan na kan kujerar gaba, sai da ya ɗauke na zauna.

Na gaya masa duka, har da igiya. Sannan na ba shi waya.

Ya buɗa hoton da yatsu biyu, ya kai kan wuyan hannun, ya tsaya. Ya ce, "Lafiyarsa lau. Raihanatu, ko da hoton nan kaɗai..." Bai ƙarasa ba. Mun sani mu duka biyu, in hoton ya shiga takarda, sai an rubuta inda aka samo shi da inda yake yanzu, kuma akwai 'yan Kuberi masu karatu.

Ya ce, "Kin san sau nawa kika yi mini ƙarya?" Na ce huɗu, ban da ambulan. Ya ce wane ambulan. Na faɗa masa. Bai yi dariya ba. Ya fita ya zagaya mota sau biyu, ya daki taya da ƙafa, masu sayar da rake na kallonsa. Shekara ashirin mutumin nan yana tonon ƙasa, sai yanzu abu ya zo hannunsa, ga shi cikin wayar wata, ga shi kuma a kabari kilomita kaɗan daga inda yake tsaye. Ban ga laifinsa ba.

Da ya dawo ya miƙo mani wayar ba tare da ya dube ni ba. Ya ce hannun hagu ba za a sa shi a akwatin gilashi ba, 'yan makarantar Kuberi na zuwa kallo, a kulle shi a durowa. Takarda kuma za ta fita haka nan, dabba dangin ayu, ba suna, ba tabbas. Ya ce, "Hoton nan kada ki goge shi. Kada kuma ki turo mini. In yana wayata ban yarda da kaina ba."

Ya tada mota, sai ya ce, "Shekarun mahaifinki, Malam Ummaru, nawa?"

Na ce hamsin da takwas.

"Lafiyarsa ƙalau?"

Na ce ƙalau.

Ya ce, "Allah Ya ƙara masa." Na ce amin. Na sauka, ya juya kan mota ya koma Aliero.

Na ce amin, kuma har zuciyata na faɗa. Amma a kan babur ina komowa na kama kaina ina lissafi. In Baba ya kai shekarun Kaka, ni na haura hamsin, idona ba zai ga bakin allura ba, wata ce za ta ƙarasa. Sai da na kai ƙarshen lissafin sannan na gane abin da nake lissafawa. Na tofar da yawu, na yi ta istigfari har gida.

Yanzu ina da aikin da ba zai kammala ba sai ubana ya mutu. Ya Allah, kada Ka nuna mani ranar da zan ƙosa.

An riga an yanka zakara. Na ce baƙo ya samu uzuri. Baba ya ce ba komai, mu ci abinmu, ga shi can tsakar gida yana kirana wai ya ajiye mani ƙundu. Bari in wanke fuska in fita.